Hisabi Da Tanderu: Martani Ga Mai Cewa Lissafin Zafi Bai Amfani Batir Da Komai Ba

Maƙalar da wani malami ya buga a kwanakin baya game da batiran litiyam, wadda a cikinta ya yanke hukunci cewa masu zama gaban kwamfuta suna lissafin ƙa'idojin zafi da kuzari a kan sinadaran katod ba su taɓa ƙara wa duniya batir ko guda ba, maƙala ce da ta cancanci a karanta ta da natsuwa, domin mai ita ya san tarihin abin da yake magana a kai, kuma kishin kada a ɓata dukiyar jami'o'i da lokacin ɗalibai ne ya sa shi ɗaukar alƙalami. Amma da yake hukuncin ya yi nauyi, kuma ɗalibai da yawa za su karɓe shi tamkar fatawa su juya wa wani fanni mai albarka baya, na ga wajibi ne in bayyana inda dalilan Malam suka gaza kai shi ga natijar da ya fitar.

Abin da ya faɗa a taƙaice shi ne, dukan sinadaran katod da ake amfani da su a yau hannun masu gwaji ne ya fito da su daga tanderu, wasu ma bisa dace. Masu hisabi kuwa sai daga baya suke zuwa su yi wa abin da ido ya riga ya gani sharhi, in kuma suka yi ƙarfin hali suka faɗi abin da ba a gani ba tukuna, sai lissafinsu ya saɓa wa ma'auni. Saboda haka ƙasa irin tamu, wadda ke da dutsen litiyam a ƙarƙashinta amma ba ta da yalwar kuɗin bincike, ba ta da dalilin tura 'ya'yanta su koyi wannan fanni. Akwai gaskiya a cikin maganar, kuma duk inda na iske ta zan tabbatar masa da ita. Sai dai ginin gaba ɗayansa ya tsaya ne bisa cakuɗa tambayoyi biyu waɗanda masana suka daɗe da raba su, watau tambayar ina abu zai karkata in an bar shi, da tambayar yaushe zai isa can.

Bari mu fara daga abin da ba a jayayya a kansa. Batirin da ke cikin wayar hannu, ko wanda ake haɗa wa sola a gidaje, yana da sassa biyu masu fuskantar juna, katod da anod, da wani ruwa a tsakaninsu wanda ƙwayoyin litiyam ke ratsawa. Katod baƙar hoda ce da aka shafa a jikin fallen alminiyam, kowace ƙwayarta kuwa gini ne mai tsari, inda zarrar oksijin da ta wani ma'adini, kobalt ko nikel ko manganis ko baƙin ƙarfe, suka jeru suka bar gurabe waɗanda litiyam ke zama a ciki. In aka sa caji, tilasta wa litiyam ake yi ya bar guraben nan ya je ya fake tsakanin shimfiɗun girafait da ke anod. In aka kunna na'ura, sai ya komo da kansa, komowar tasa kuwa ita ce ke tura lantarki. Dalilin komowarsa da kansa, da irin ƙarfin da yake komowa da shi, an san su tun shekara ɗari kafin a ƙera batirin. Tsakanin 1875 da 1878, Josiah Willard Gibbs, malami a Jami'ar Yale ta Amurka, ya wallafa dogon bincikensa a kan daidaiton abubuwa masu siffofi mabambanta, ya nuna cewa kowane abu, matuƙar zafi da matsi suka tsaya wuri guda, yana karkata zuwa halin da wani adadi ya fi ƙanƙanta, adadin da yau ake kira sakakken kuzarin Gibbs. Bolt ɗin batir shi ne bambancin wannan adadi tsakanin litiyam yana anod da litiyam yana katod, an raba shi da adadin Faraday, watau 96,485. Saboda haka mai gyaran waya a kasuwar Farm Centre ta Kano, sa'ad da ya ɗora mita bisa batir ya ga 3.8, kuzarin Gibbs ya auna, ko ya taɓa jin sunan ko bai taɓa ji ba.

Haka kuma iyakar abin da kowace hoda za ta iya ɗauka, alƙalami da takarda sun isa su fitar da ita tun ba a hura wuta ba. Wanda ya raba 26,800, watau adadin Faraday a ma'aunin mAh, da nauyin sinadarin litiyam da kobalt da oksijin, wanda ya kusa 98, zai sami 274 mAh a kowane giram. In ya raba da nauyin na litiyam da baƙin ƙarfe da fosfet, wanda ya kusa 158, zai sami 170. Babu gwanin da zai ƙetare wannan haddi. Amma shekaru masu yawa masu ƙera batir rabin 274 ɗin nan kaɗai suka riƙa ɗiba, wajen 140, su tsayar da caji a bolt 4.2, domin in suka zarce hodar takan lalace da sauri. Abin da ke lalata ta, da inda yake fara lalata ta, shi ne filin da hisabi ya yi aikinsa mafi girma.

Kafin mu je can, sai mu duba tarihin da Malam ya kafa hujja da shi, don kuwa bai goyi bayansa yadda yake zato ba. A shekarun 1970 Stanley Whittingham, yana aiki a kamfanin Exxon, ya yi katod da sinadarin titaniyam da farar wuta, ya sami bolt 2 da ɗoriya. John Goodenough, wanda ya zo Oxford a 1976 bayan ya shafe shekaru yana nazarin yadda lantarki ke zama a cikin sinadaran oksijin, bai tsaya gwada kowace hoda da ta zo hannunsa ba. Istinbaɗi ya yi: ya lura cewa a sinadaran farar wuta akwai wani rufi da ke hana bolt tashi, domin ƙwayoyin lantarkin farar wuta suna zaune a mataki mai tsawo, alhali na oksijin suna ƙasa da su nesa, saboda haka in ana son bolt mai yawa dole a koma ga oksijin. Bisa wannan ƙiyasi shi da Koichi Mizushima da abokansu suka gwada sinadarin kobalt a 1980, suka sami bolt wajen 4. Daga nan Akira Yoshino ya haɗa shi da anod na gawayi a 1985, kamfanin Sony ya kai shi kasuwa a 1991, mutanen uku, Whittingham da Goodenough da Yoshino, aka ba su kyautar Nobel a 2019. Na yarda Goodenough bai nemi kwamfuta ba. Amma tunani a kan matakan kuzari ne ya nuna masa wace hoda zai sa a tanderu, kuma wanda ya kira wannan dace ya rage wa mutumin haƙƙinsa.

Da'awar cewa hisabi bai taɓa riga ido ba kuwa, tana da amsa mai kwanan wata. A 1997 jama'ar Gerbrand Ceder a kwalejin MIT suka nuna yadda za a fitar da matsakaicin bolt na kowane katod daga ƙa'idojin farko, watau daga sanin irin zarrar da ke ciki da yadda ta jeru, ba tare da an auna komai ba. Lissafin ya nuna musu wani abu da mutane ba su ba shi muhimmanci ba, cewa oksijin da kansa yana ɗaukar kaso babba na lantarkin da ke shigowa tare da litiyam, daga nan suka ce in aka musanya wani sashe na kobalt da alminiyam bolt zai ƙaru. Aka dafa hodar, aka auna, ya ƙaru, aka buga labarin a mujallar Nature a 1998. Hodar ba ta zama kayan kasuwa a wannan siffa ba, Malam yana da damar ya faɗi haka. To amma a shekarar dai Anton Van der Ven da Ceder da abokansu suka lissafa taswirar siffofin sinadarin kobalt tun daga cike da litiyam har zuwa fanko, suka ce in litiyam ya ragu ƙwarai, ƙasa da kashi ɗaya cikin biyar, shimfiɗun oksijin za su zame, wata siffa ta bayyana wadda a cikinta shimfiɗa ɗaya ke riƙe da sauran litiyam mai bi mata kuma babu kome, suka sa mata suna H1-3. A 2002 jama'ar Jeff Dahn a Jami'ar Dalhousie ta Kanada suka tabbatar da ita da hasken ekis-re. Yau duk mai son ya tura batirin waya ya wuce bolt 4.5 ya san wannan zamewa tana cikin manyan abubuwan da ke tsare masa hanya, kuma sunan da masu hisabi suka raɗa mata shi yake kira.

Inda na fi so in daɗe shi ne sinadarin baƙin ƙarfe da fosfet, wanda 'yan kasuwa ke rubuta wa LFP, domin shi ne ke cika batiran sola na litiyam da ake sayarwa daga Kano har Maraɗi da Damagaram, kuma labarinsa ya tattara dukan mas'alar. Akshaya Padhi da Goodenough suka bayyana shi a Jami'ar Texas a 1997. Wanda ya taɓa lura da irin wannan batir ya san wata ɗabi'a tasa mai ban mamaki: bolt ɗinsa kusan ba ya motsi tun yana kusa da cika har ya kusa ƙarewa, sa'an nan ya faɗi gaba ɗaya, shi ya sa allon da ke kula da batirin ba ya iya sanin saura nawa ta duban bolt kawai, sai ya riƙa ƙidayar abin da ya shiga da abin da ya fita. Ƙa'idar siffofi ta Gibbs ta bayyana wannan sarai. A cikin hodar, litiyam ba ya yarda ya warwatsu daidai wa daida. Sai ta rabu gida biyu, wani yanki cike, wani yanki fanko, caji kuwa iyakar da ke tsakaninsu kawai yake matsawa. Kuma matuƙar siffofi biyu suna zaune tare a zafi guda, kuzarin litiyam a cikinsu ba ya sauyawa, don haka bolt ya tsaya a wajen 3.4 in an auna shi da tsantsar litiyam.

A 2005 masu bincike a Amiens ta Faransa, sa'an nan a 2006 wasu a Caltech ta Amurka, suka gano cewa in aka ɗumama hodar ta wuce digiri 200, gidajen biyu sukan fara narkewa cikin juna, kuma abin mamaki daga tsakiya suke farawa, inda litiyam yake wajen kashi shida cikin goma. Lissafi na farko, wanda ya kula da jeruwar litiyam da gurabensa kaɗai, bai fitar da wannan siffa ba. Sai Fei Zhou da Thomas Maxisch da Ceder suka shigar da wani abu da aka bari a baya, watau cewa ƙwayoyin lantarkin da ke zaune bisa baƙin ƙarfe su ma suna da hanyoyi masu yawa na jeruwa, kuma yawan hanyoyin nan, wanda ake kira entirofi, yana rage kuzarin Gibbs gwargwadon yadda zafi ke ƙaruwa. Da suka ƙidaya shi sai taswirar ta fito yadda aka auna ta. Wannan shi ne irin sharhin bayan aiki da Malam ya raina. Amma a duba abin da sharhin ya haifa. Waɗanda suka fara bayyana hodar sun ɗauka ta batir mai ƙaramin ƙarfi ce, ga shi kuwa da aka niƙe ta ƙanana aka lulluɓe ta da gawayi sai ta zama cikin masu saurin caji, abin da bai dace da hodar da dole sai ta tsaga kanta biyu ba. A 2011 Rahul Malik da Zhou da Ceder suka lissafa cewa halin cakuɗa, ko da yake ba shi ne mafi ƙarancin kuzari a zafin ɗaki ba, tazararsa kaɗan ce ƙwarai, har ɗan ƙarin matsi na lantarki ya isa ya sa ƙwayar ta bi ta cikinsa ba tare da ta rabu ba. A 2014 jama'ar Clare Grey ta Cambridge suka haska batirin yana cikin caji mai sauri, suka ga cakuɗar da idonsu.

A nan ne tambayoyin biyu suke rabuwa. Malamanmu na tauhidi sun koya mana cewa hukuncin hankali uku ne, wajibi da mustahili da ja'izi, kuma sanin cewa abu ja'izi ne bai zama sanin cewa ya auku ba. Hisabin zafi a wannan babi yake aiki: yana faɗin abin da ba zai taɓa yiwuwa ba, kamar batirin baƙin ƙarfe da zai ba da 200 mAh a giram, yana faɗin inda abu zai gangara in an sake shi, yana kuma faɗin zurfin gangaren, amma ranar gangarawa tana hannun wani ilimi dabam, ilimin saurin sauye-sauye. Ruwan da aka datse a kan tudu, kowa ya san kwari zai nufa, mai auna ƙasa zai iya faɗin da wane ƙarfi zai sauka, amma shekara nawa datsin zai riƙe, sai an tambayi wanda ya san ƙasar da aka gina shi da ita. Batir mai cikakken caji ruwa ne a bayan datsi. Malam ya tuhumi mai auna ƙasa da rashin faɗin ranar ɓallewa, alhali bai taɓa da'awar saninta ba, kuma in ba don awonsa ba mai datsi ba zai san kaurin da zai ba gininsa ba.

Maganar kuskure kuwa gaskiya ce, bai kamata a ɓoye ta ba. Hanyar da aka fi lissafi da ita, wadda ta samo asali daga aikin Walter Kohn da abokansa a 1964 da 1965, tana da karkata sanannu. A siffarta ta yau da kullum takan rage wa sinadarin baƙin ƙarfe da fosfet wajen rabin bolt, domin tana shimfiɗa lantarkin da ya kamata ya tsaya bisa zarra guda. Takan kuma ƙara wa iskar oksijin ƙarfin ɗauri fiye da haƙiƙa, wanda ke ɓata duk lissafin da ya shafi fitar oksijin daga hoda. Amma su masu hisabin ne da kansu suka gano waɗannan aibobi, suka auna girmansu, suka buga gyaran a fili, na farko a 2004, na biyu a 2006. In Malam ya ce gyaran dabara ce ta tilasta wa lissafi ya fitar da amsar da ake so, sai in ce ana gane hakan ta hanya guda, watau a tsayar da gyaran bisa wasu sinadarai, sa'an nan a jarraba shi bisa waɗanda ba a taɓa nuna masa ba. Wannan jarrabawa an yi ta a bainar jama'a, kuma rumbun Materials Project, wanda Kristin Persson da Ceder suka buɗe a 2011, yana nan ga duk mai son ya sake yinta.

Akwai wurin da zan tsaya tare da Malam kafaɗa da kafaɗa. A ƙarshen 2023 kamfanin Google DeepMind ya sanar cewa na'urarsa ta hasaso sinadarai miliyan 2.2, wajen 380,000 daga ciki tabbatattu, a lokaci guda kuma wani ɗakin gwaji mai sarrafa kansa a Berkeley ya ce ya dafa sababbin sinadarai 41 cikin kwana 17. Masana irin su Robert Palgrave na Landan da Leslie Schoop ta Princeton suka bi sakamakon ɗakin gwajin, suka ce da yawa daga abin da aka kira sabo tsoffin sinadarai ne da aka sani, waɗanda zarrarsu ke zaune a cakuɗe, lissafi kuwa ya jera ta tsaf ya ɗauka sabon abu ne. Wannan zargi yana da nauyi. Sai dai a lura da asalin cutar: lissafin an yi shi ne kamar babu zafi ko kaɗan a duniya, an bar entirofi a waje, alhali tanderu yana aiki a digiri ɗari bakwai ko dubu. Ashe inda hisabi ya kunyata, ƙarancin ilimin zafi ne ya kunyata shi, maganinsa kuwa a ƙara. Akwai ma wata tsohuwar hanya, CALPHAD, wadda Larry Kaufman da Harold Bernstein suka shimfiɗa a littafinsu na 1970, wadda ke tattara abin da aka auna da ma'aunin zafi, da abin da aka karanta a mita, da abin da kwamfuta ta fitar, ta tilasta musu su yarda da juna a cikin taswira guda. Masana a Aachen da Karlsruhe na Jamus sun bi ta wajen sinadaran litiyam da kobalt da nikel da manganis. A wannan hanya mai hisabi ba ya iya taka ƙafa sai da awon mai tanderu, don haka katangar da Malam ya gina tsakaninsu ba ta nan a wurin masu aikin.

Sai maganar gobara, wadda ta fi kowace shafar rayukan mutane. A Janairun 2013 aka dakatar da dukan jiragen Boeing 787 bayan batiransu, masu katod na kobalt, sun ƙone a Boston da kuma a Japan. A 2016 Samsung ya janye wayar Galaxy Note 7 daga kasuwa. Malam zai ce aibin ƙira ne ya jawo, ba wani sirri na Gibbs ba, kuma game da tartsatsin farko ya yi daidai. Amma abin da ke mai da tartsatsi gobarar da ba ta jin rufewa yana cikin hodar kanta. Katod ɗin da aka zare wa litiyam yana riƙe da oksijin fiye da yadda kuzarinsa ke so. In zafi ya hau, fatar da ke kare anod ta fara ruɓewa wajen digiri 100, fallen da ke raba sassan biyu ya narke wajen 130, sa'an nan wajen 200 hodar kobalt ko nikel ta sauya siffa ta saki oksijin a tsakiyar ruwa mai kamawa da wuta. Wutar da ke ɗauke da iskarta a cikinta ba ta bukatar ta waje. A hodar fosfet kuwa oksijin ɗaure yake tamau da fosfaras, shi ya sa take jure zafin da zai tarwatsa 'yan'uwanta. Wace hoda ce za ta saki oksijin, a wane zafi, nawa za ta saki, wane saura za ta bari, duk tambayoyi ne na kuzarin Gibbs, kuma tun 2007 ake lissafa su a gwama da awo. Lissafin har ya nuna, a daidai lokacin da gwaji ma ya nuna, cewa fosfet na manganis bai kai na baƙin ƙarfe haƙuri da zafi ba, ko da yake gininsu iri ɗaya ne. Mutanen da ke ajiye batir a ɗaki mai rufin kwano a Sakkwato ko Maiduguri, inda zafin bazara ke wuce digiri 40 a inuwa, suna da haƙƙi a kan wannan sani fiye da mutanen ƙasashen sanyi da suka fara tattara shi.

Game da tsada, ina ganin Malam ya juya lissafin. Ɗakin da ake haɗa batir yana bukatar iska busasshiya, da wutar lantarki marar yankewa, da na'urori masu tsadar gaske; hisabi kuwa yawancin kayansa kyauta ne, manhajar Quantum ESPRESSO kowa na iya saukewa, rumbunan bayanai a buɗe suke. A Jami'ar Limpopo ta Afirka ta Kudu, Phuti Ngoepe ya kafa cibiya da ta yi suna wajen lissafin sinadaran manganis na batir; ƙasar ce kuma ta haifi Michael Thackeray, wanda ya fito da katod na manganis a Oxford a 1983. Tun 2010 kuma ake gudanar da makarantar ASESMA, wadda ke koya wa matasan Afirka wannan lissafi, ta zauna a Kenya, ta zauna a Accra. In akwai ƙofar da talaka zai shiga wannan ilimi ta cikinta, wannan ce.

Dutsen litiyam kuwa da Malam ke so mu mai da hankali a kai, shi ma ba ya buɗuwa sai da mabuɗin da ya ce a yar. Sifodumin, ɗaya daga duwatsun litiyam da ake haƙa a Nasarawa da Kogi da Kwara, a yadda yake fitowa daga ƙasa ƙulle yake, asid ba ya cinsa. Sai an gasa shi tsakanin digiri 1,000 da 1,100 ya sauya siffa, ya kumbura fiye da rubu'in girmansa, ya yi laushi, sa'an nan a sake gasa shi da asid na farar wuta wajen digiri 250 litiyam ya fito. In wuta ta gaza, sauyin ba ya cika, litiyam ya tafi a cikin shara. In ta zarce, sauran duwatsun da ke manne da shi su narke su dunƙule shi. Tsantsarsa kashi 8 cikin ɗari na oksaid ɗin litiyam yake ɗauke da shi, kasuwa kuma da kashi 6 take ciniki, kuma tun da aka buɗe masana'antar tace shi a Jihar Nasarawa a 2024 maganar ta bar takarda ta zama ta kuɗi. Hatta irin gishirin da za a fitar daga ƙarshe, katod ne ke zaɓa: hodar da nikel ya yi wa yawa ba ta jure babban tanderu, dole a dafa ta wajen digiri 700 zuwa 800 cikin tsantsar oksijin, in ba haka ba nikel ya sauka mataki ya shige gurbin litiyam, tun da girmansu ya kusa zama ɗaya, ya toshe hanya; saboda haka masu yin ta suka fi son haidiroksaid, mai narkewa a digiri 462, bisa kabonet, mai narkewa a 723, alhali masu yin LFP kabonet ya wadace su. Dutsen kowace rijiya yana da nasa gauraye na maika da felsifa da baƙin ƙarfe, kuma zafin da ya dace da na Ostareliya ba lalle ne ya dace da na Nasarawa ba. Abin da nake roƙon Malam ya goyi baya shi ne a sami sashe guda a jami'a guda inda za a ajiye tanderu da ma'aunin zafi a ɗaki ɗaya, kwamfuta a ɗaki mai bi masa, a kawo dutse daga kowace rijiya a auna shi, a lissafa taswirarsa, a buga sakamakon yadda mai haƙa da mai saye da jami'in haraji duk za su iya karantawa.